Gazawa ko Kasala: Tarihin Ciwon da Yake Kashe Himma

Idan aka ambaci hauka a gaban Bahaushe, abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne mutumin nan na bakin kasuwa, mai tsumma da tarin gwangwanaye, wanda yake zance da waɗanda ba a gani, yara suna binsa da jifa. Kuma saboda wannan sura ta kafu a zukatanmu tun muna ƙanana, sai ya zamana ba mu da sunan da za mu kira wani majinyacin da yake cikin gidajenmu, wato saurayin da aka kai asibiti yana sambatu, aka yi masa allura, muryoyin da yake ji suka yi shiru, aka dawo da shi gida ana hamdala, sa'an nan ya sami gindin katanga ya zauna, ya shekara yana zaune. Ba ya duka, ba ya zagi. In an miƙa masa tuwo ya ci, in an manta da shi ba zai nema ba. Wanka sai an yi da gaske. In an gaishe shi ya ce lafiya lau, daga nan bakinsa ya mutu, fuskarsa kuwa ba ta nuna murna ranar suna, ba ta nuna baƙin ciki ranar zaman makoki. Mahaifinsa yakan ce, "Ai ya warke, mutuwar zuciya ce kawai ta rage masa," gwaggonsa ta ce sammu ne, ƙannensa kuma su riƙa kiransa cima-zaune a bayan idonsa.

Malamanmu, a wajen sharhin addu'ar nan sananniya da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nemi tsari a cikinta daga ajazu da kasala, sun tsaya sun rarrabe kalmomin biyu, suka ce ajazu shi ne barin abu saboda rashin iko a kansa, kasala kuwa barinsa alhali akwai iko. Wannan rarrabewa ita ce mas'alar da likitocin Turai da Amurka suka yi shekara ɗari biyu suna kaiwa da komowa a kanta game da ciwon da ake kira sikizofiriniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa yana kama mutum ɗaya cikin kowane 300, wato kimanin mutum miliyan 24 a faɗin duniya. Sun ga al'amarin tun farko, suka ɗauke shi a matsayin ginshiƙin ciwon, daga baya suka shagala suka bar shi, sa'an nan suka komo suna nemansa kamar wanda ya yar da allura a cikin yashi.

Tun kafin su, fuƙaha'un Musulunci sun lura cewa taɓin hankali iri-iri ne, domin a littattafan Hanafiyya an bambanta majanuni da ma'atuhi, aka siffanta na biyun da ƙarancin fahimta da cakuɗewar magana da lalacewar tadbiri, amma ba ya duka ba ya zagi kamar na farkon. Ba zan ce ma'atuhinsu shi ne majinyacinmu daidai wa daida ba, domin su hukuncin ciniki da saki da taklifi suke nema, ba ganewar cuta ba. Sai dai ya ishe mu shaida cewa mai shiru ma sun ba shi babi nasa. A Turai kuwa, wani mai harhaɗa magani a asibitin Bethlem na Landan, John Haslam, ya rubuta a 1809 game da wasu matasa masu hazaƙa waɗanda, ba tare da wani tashin hankali ba, ƙaunar iyayensu take dushewa a zukatansu, su daina damuwa da abokai da littattafai da tufafin jikinsu. Bayan shekara hamsin, a 1860, Bafaranshe Bénédict Morel ya kawo labarin wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu, wanda ya kasance zakaran ajinsu, sa'an nan ya yi ta dusashewa har ya zama kamar ba shi ba.

Kalmomin da ake amfani da su yau wajen rarrabe alamomin ciwon daga masu maganin farfaɗiya aka aro su. Wajen 1860 John Russell Reynolds na Ingila ya kasa alamomin ciwon jijiya kashi biyu, kuma John Hughlings Jackson ya faɗaɗa wannan rabo a laccocinsa na 1884. Kashi na farko abin da ciwo ya ƙara wa mutum wanda da can ba ya tare da shi, kamar jin muryoyi da mugun zato da ƙudurce abin da babu shi. Na biyu abin da ciwo ya rage masa daga halittarsa, kamar himma da walwalar fuska da yalwar magana da son jama'a. Mu kira su alamomin ƙari da alamomin ragi. Jackson yana ganin ragin shi ne ɓarnar da ciwo ya yi da hannunsa a manyan sassan ƙwaƙwalwa, ƙarin kuwa tawaye ne na ƙananan sassa bayan mai tsawata musu ya faɗi, kamar yadda dogarai suke abin da suka ga dama a garin da sarkinsa ya kwanta ciwo.

Wanda ya ɗora harsashin ilmin sosai shi ne Bajamushe Emil Kraepelin, wanda aka haifa a 1856. A 1886 aka ba shi kujerar farfesa a Dorpat, garin da yanzu ake kira Tartu a ƙasar Estoniya, inda akasarin majinyatansa suke magana da harshen da ba ya ji. Kuma wannan naƙasu, bisa ga hikimar Ubangiji, ya zame masa alheri, domin da ya kasa sauraron abin da suke faɗi sai ya koma kallon abin da suke yi, da yadda ciwonsu yake tafiya daga shekara zuwa shekara. Da ya koma Heidelberg a 1891 sai ya riƙa buɗe wa kowane majinyaci kati, yana rubuta mafarin ciwonsa da makomarsa, yana jera katunan yana sake jerawa, har a bugu na shida na littafinsa, a 1899, ya raba manyan cututtukan hankali gida biyu: wanda yake zuwa ya tafi, mutum ya komo kamar yadda yake, tsakanin zumuɗi da baƙin ciki, da wanda yake kama matashi ya bar shi a raunane, wanda ya kira da Latin dementia praecox, ma'ana lalacewar hankali da wuri. Abin lura a nan shi ne Kraepelin bai ɗauki muryoyi da ruɗu a matsayin zuciyar ciwon ba. A wurinsa zuciyar ita ce raunanar maɓuɓɓugar irada, wato shauƙin nan da yake tayar da mutum daga tabarma ya tura shi gona ko kasuwa, tare da wargajewar haɗin kai tsakanin tunani da ji da aiki, har ya kwatanta majinyacin da taron makaɗa da ba su da sarkin kiɗa. A 1904 ya yi tattaki har tsibirin Java domin ya ga ko ciwon na Turawa ne kaɗai, ya tarar da shi a can.

Sai dai sunan da ya raɗa yana ɗauke da yanke ƙauna, kuma wanda ya yi masa gyara mutumin Suwizalan ne, Eugen Bleuler, wanda tarihinsa kishiyar na Kraepelin ne ta fuskar harshe. An haife shi a 1857 a ƙauyen Zollikon kusa da Zurik, a zamanin da ake ɗauko shugabannin asibitin masu taɓin hankali daga Jamus, mutanen da ba su jin karin harshen talakawan yankin. Kuma 'yar'uwarsa ta jini ta kamu da wannan ciwo, har daga baya ya ɗauke ta ta zauna a gidansa. Shekara goma sha biyu ya yi, daga 1886 zuwa 1898, yana shugabancin asibitin Rheinau, wata tsohuwar zawiyar ruhubanawa a tsakiyar kogin Rhine, yana zaune cikin majinyata, yana aiki tare da su, yana zance da su da harshen uwayensu, yana rubuta abin da suka ce. A 1908, a wani taron likitoci a Barlin, ya fito da sunan sikizofiriniya, daga kalmomin Yunananci biyu masu nufin tsagewa da hankali, kuma a 1911 ya wallafa babban littafinsa. A cikinsa ya yi irin rabon da malaman usulu suke yi tsakanin asali da reshe: tsinkewar zaren tunani, da dushewar ji, da tsayawa tsakanin so da ƙi a lokaci guda, da janyewa daga duniya zuwa cikin kai, su ne asali, muryoyi da ruɗu rassa ne, suna iya zuwa suna iya tafiya. Ya kuma ƙi yarda cewa kowane majinyaci makomarsa lalacewa ce, domin ya ga waɗanda suka farfaɗo da idonsa.

Da a ce an tsaya a kan wannan fahimta, da an rage wa bayin Allah wahala mai yawa. A Gütersloh ta Jamus wani likita, Hermann Simon, ya nuna a shekarun 1920 cewa idan aka ba majinyata aiki gwargwadon ƙarfinsu, daga shara da tsinkar ulu har zuwa noma da sassaƙa, zaurukan asibiti sukan natsu, waɗanda aka ɗauka sun zama gumaka su motsa. Amma a wannan ƙasa dai, bayan shekara goma kacal, aka mayar da ma'aunin aiki ya zama ma'aunin rai. Daga 1939 gwamnatin Hitila ta aika wa asibitoci takardun tambaya a kan kowane majinyaci, ciki har da ko yana iya aiki da irin aikin da yake yi, wasu likitoci a ofis suna sa alama a kan takarda ba tare da sun ga mutumin ba, kuma kafin watan Agusta na 1941 an halaka fiye da mutum 70,000 da iskar guba a shirin da ake kira T4, daga adireshin ofishinsa a Barlin. Limamin Kirista na Münster, von Galen, ya hau mumbari a wannan wata ya la'anci kashe mutane don an ce ba su da amfani, aka dakatar da shirin a hukumance, aka ci gaba da kisan a ɓoye ta hanyar yunwa da allura. Da masana tarihi suka bi dubban fayilolin da aka gano bayan haɗewar Jamus, sun tarar cewa iya aiki yana cikin manyan abubuwan da suka raba wanda ya tsira da wanda aka kashe. Wato mai zama a gindin katanga shi ne a sahun gaba. Kuma duk lokacin da na ji an ce wa irinsa cima-zaune, wannan babi ne yake faɗo mini a rai.

Mantuwar da na ambata ta zo ta ƙofa biyu. Ta farko, wani Bajamushe, Kurt Schneider, ya jera a 1939 wasu alamomi da ya ce in an same su an kusa tabbatar da ciwon, kamar jin muryoyi suna hira a kan mutum, ko jin cewa ana cusa masa tunani ko ana zare masa. Likitoci suka rungumi jerin saboda sauƙinsa, domin mutum biyu suna iya ittifaƙi a kan cewa wane yana jin murya, amma da wuya su yi ittifaƙi a kan gwargwadon dushewar fuskarsa. Ƙofa ta biyu magani ne. A watan Disamba na 1950 aka haɗa kilofuromazin a kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa, wanda aka sayar da sunan Largactil; wani likitan fiɗa na sojan ruwa, Henri Laborit, ya lura cewa yana sa mutum ya daina damuwa da abin da ke kewaye da shi ba tare da hankalinsa ya gushe ba; kuma a 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada shi a asibitin Sainte-Anne na Faris, zaurukan da ba a iya barci kusa da su saboda ihu suka yi tsit. Wannan ni'ima ce babba, kada mai karatu ya fahimce ni a karkace, domin ita ta kwance mari daga ƙafafun mutane masu yawa, kuma asibitocin jihohin Amurka, da suke ɗauke da majinyata kusan 559,000 a 1955, suka fara raguwa. Amma da yake maganin reshe yake sarewa, sai ilmi ya bi inda magani ya nufa, aka wayi gari ana auna waraka da yin shiru. Bugu da ƙari, shi kansa maganin, da haloferidol da ya biyo shi a 1958, idan aka yawaita su sukan sandarar da jiki, su daskarar da fuska, su nauyaya ƙafa, har ya zamana ba a iya rarrabe abin da ciwo ya rage da abin da allura ta rage.

Waɗanda suka fara tayar da mas'alar daga barci masu nazarin zaman jama'a ne. A 1960 John Wing, likita, da George Brown, masanin halayyar al'umma, suka shiga asibitoci uku na Ingila, Netherne da Severalls da Mapperley, suka bi matan da suka daɗe a kwance har tsawon shekara takwas, kuma suka yi abin da manyan farfesoshi za su raina: suka ƙidaya ko mace tana da matajin kanta, da buroshin haƙori, da madubi, da jakar hannu, suka ƙidaya sa'o'in da take yi a yini ba ta komai. Sakamakon da suka wallafa a 1970 ya nuna cewa inda talaucin muhalli ya fi tsanani nan ne shiru da janyewa da dushewar fuska suka fi yawa, kuma abin da ya fi kowane tafiya tare da su shi ne yawan lokacin zaman banza. Da aka gyara zaman matan suka motsa, da gyaran ya ja baya suka koma. Wing ya ƙara da wani gargaɗi mai daraja, cewa idan aka matsa wa majinyaci da yawa muryoyin sukan dawo, idan aka ƙyale shi sarai ya nutse, saboda haka mai jinya tafiya yake a kan siraɗi. Brown da abokan aikinsa kuma suka gano cewa majinyacin da ya koma gidan da ake yawan sukarsa da gori ya fi saurin komawa asibiti, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna galibin sukar a kan rashin tashi da rashin wanka da rashin magana take sauka, domin iyali sukan yi wa muryoyi uzuri su ce ciwo ne, zama kuwa su ce hali ne.

A nan ƙasarmu tana da hannu a tarihin. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya buɗe wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci yake sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, uwa ko gwaggo ko ƙane, ya je asibiti da rana a yi masa magani, da yamma ya komo cikin mutane, ana daka ana girki ana zuwa kasuwa a gabansa. Lambo ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma da hukumar ta gudanar da babban bincike a cibiyoyi tara na duniya a kan majinyata 1,202, Ibadan tana ciki, tare da Agra ta Indiya da Landan da Masko da Washinton. Rahoton bibiya na 1979 ya zo da abin mamaki, cewa majinyatan Ibadan da Agra sun fi na ƙasashe masu arziki kyakkyawar makoma, aka yi ta fassara wannan da faɗin dangi da sauƙin samun ɗan aikin yi a gona ko a kasuwa. Sai dai kada mu yi saurin buga ƙirji: a 2008 wasu masana huɗu, ciki har da Farfesa Oye Gureje na Ibadan, suka sake bin hujjojin, suka nuna cewa hukuncin bai game ko'ina ba, kuma ƙidayar ba ta yi cikakken lissafin waɗanda suka mutu ko suka ɓace ba. Wanda ya san abin da ake yi a gidajen mari ba zai yi musun wannan gyara ba.

Daga 1974 kalmomin Jackson suka dawo bakin likitocin hankali ta hannun John Strauss da William Carpenter a Amurka. A 1976 Eve Johnstone da Tim Crow, a asibitin Northwick Park na Landan, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyatan da suka daɗe da sabuwar na'urar hoto mai aiki da kwamfuta, suka ga kogunan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa sun fi na masu lafiya faɗi. Kuma a 1980 Crow ya ce la'alla ciwo biyu ne a riga ɗaya, ɗaya na ƙari mai jin magani, ɗaya na ragi mai taurin kai. Ita kuwa Nancy Andreasen ta Jami'ar Iowa, wadda ta fara da koyar da adabin Ingilishi kafin ta karanta likitanci, kuma ina zaton wannan ne ya ba ta kunnen jin talaucin magana, ta ƙirƙiro ma'auni a farkon shekarun 1980 wanda ya sa aka iya ba dushewar fuska da ƙarancin zance da mutuwar himma maki kamar yadda ake auna zazzaɓi. A 1988 Carpenter ya kawo rarrabewar da ta fi kowace amfani ga mai jinya: akwai ragi na asali wanda ciwon ne da kansa, akwai kuma ragi na aro, wanda ya samo tushe daga nauyin magani, ko baƙin ciki mai tsanani, ko tsoron muryoyi da yake hana mutum fita, ko zaman kaɗaici. Na aro yana da magani, in an neme shi. A 2005 wani taron masana a Amurka ya yi ijma'i a kan rukunai biyar, dushewar fuska da murya, ƙarancin magana, gudun jama'a, raunin jin daɗi, da mutuwar himma. Bincike kuma ya yi ta nuna cewa rukunan himma da jin daɗi ne suka fi hana mutum aiki da aure da zaman kansa, fiye da muryoyin da kowa yake tsoro.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a duk wannan ƙissa shi ne binciken da ya leƙa bayan fuskar nan shafaffiya. A 1996 Ann Kring da John Neale suka nuna wa majinyata guntayen finafinai na ban dariya da na ban tausayi da na ban tsoro, suna ɗaukar hoton fuskokinsu, suna auna zufar fatarsu, suna tambayarsu abin da suka ji. Fuskokin ba su motsa kamar na masu lafiya ba, amma abin da suka ce sun ji a ransu bai gaza na kowa ba, fatar jikinsu ma ta gaskata su. Ashe mutumin yana nan a ciki, taga ce ta rufe. A 2007 David Gard da Kring suka bi majinyata cikin harkokinsu na yini, suka tarar cewa daɗin abin da yake hannu suna jinsa, naƙasun yana wajen ɗokin abin da bai zo ba tukuna. Wannan ya dace da abin da Kent Berridge ya nuna a ɓeraye a Michigan, cewa jin daɗin abu da kwaɗayin nemansa hanyoyi biyu ne a ƙwaƙwalwa, kuma sinadarin dofamin ya fi shafar nema. John Salamone kuma ya nuna cewa ɓeran da aka toshe wa dofamin yana cin abincin da ke gabansa, amma ba zai haura shinge don wanda ya fi shi yawa ba. A 2013 James Gold na Maryland ya gwada mutane da irin wannan: ko ka danna maɓalli sau 10 a ba ka dala ɗaya, ko sau 100 a ba ka dala uku zuwa bakwai, sai aka ga masu tsananin alamomin ragi sun fi barin babban rabon ko da ya tabbata. Ma'aunin da kowannenmu yake ɗora wahala a kai ya ga ko riba ta kai, shi ne ya karkace. Ɗaukar bokiti zuwa rijiya yana yi masa nauyin da tafiya Kano a ƙasa take yi wa waninsa, kuma daɗin wankan da zai biyo baya ba ya hango shi balle ya ja shi. Wannan kuwa, a isɗilahin malamanmu, babin ajazu ne.

Ta fuskar magani labarin gajere ne, kuma ba mai daɗi ba. Kulozafin, wanda aka janye a ƙasashe da yawa bayan ya kashe mutum takwas a Finlan a 1975 ta hanyar rushe ƙwayoyin jini masu kare jiki, ya dawo bayan gwajin John Kane na 1988, kuma shi ne gwarzo ga muryoyin da suka ƙi ji, amma ana sa ido a kan jinin mai shansa. Sababbin magungunan shekarun 1990 an yi musu kirari cewa za su tayar da himma, sai babban gwajin Amurka na 2005, mai majinyata kusan 1,500, ya rage musu tsawo. Bitofatin na kamfanin Roche ya faɗi a gwajin ƙarshe a 2014. Karifirazin na wani kamfanin Hungari ya nuna fifiko a kan risferidon a gwajin da aka wallafa a 2017, fifiko na gaskiya amma matsakaici. Abin da ya fi ba da fata ya fito ne daga wajen kantin magani. Aaron Beck da Paul Grant a Filadelfiya sun nuna cewa majinyatan da suka sha faɗuwa sukan ƙudurce cewa gwadawa ma asara ce, kuma a gwajinsu na 2012 zaman tattaunawa mai bin ƙananan buruka, mataki bayan mataki, ya ɗaga himmar waɗanda aka riga aka fid da rai da su. Deborah Becker da Robert Drake a New Hampshire kuma suka juya tsohuwar al'ada ta horar da mutum shekaru kafin a ba shi aiki, suka ce a sa shi a aiki na gaske wanda yake so tun yanzu, a tsaya a bayansa, kuma gwaje-gwaje a ƙasashe da yawa sun gaskata su.

Saboda haka, ya kai mai karatu da kake da irin wannan bawan Allah a gidanka, idan ranar komawa asibiti ta zo, ko Dawanau ce ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri, kada ka tsaya a kan cewa ya daina sambatu, kuma kada ka rage masa magani da ra'ayinka. Ka gaya wa likita ko hannunsa yana rawa, ko tafiyarsa ta sandare, ko yana kuka a ɓoye ko yana ambaton mutuwa, ko tsoron wani abu ne yake hana shi fita ƙofar gida. Ka nemi a duba ko nauyin maganin ya yi masa yawa. Ka ba shi ɗan aiki guda wanda ya taɓa so, ko ban ruwan tumaki ne ko tsaron tireda na sa'a ɗaya, ka yi tare da shi a ranakun farko, ka hana yara gori. Kafin ku tafi kuma ka ƙidaya sa'o'in da yake yi a yini ba ya komai, ka rubuta adadin a takarda ka miƙa wa likitan.